Sharhi: Abin da na gani a tsarin haɗa 'yan wasa bisa gwaninta, da shi da kuma ba shi

Na fara buga Call of Duty, wasan bidiyo na harbe-harbe, ta intanet da gaske ne a ƙarshen shekarar 2019, lokacin da fitowarsa mai suna Modern Warfare ta shigo kasuwa, kuma tun daga wannan lokaci da wuya mako ya wuce ban zauna bayan sallar isha'i na yi zagaye biyar ko shida ba. Ya kamata mai karatu ya san matsayina tun da wuri: ni ma'aikaci ne a Kaduna, na haura shekara talatin da biyar, kuma a lissafin da wasan yake ajiyewa, idan na kashe mutum tara to an kashe ni sau goma. Daga wannan matsayi na tsaka-tsaki nake duban tsarin da 'yan wasa ke kira SBMM a taƙaice, wato tsarin da yake auna ƙwarewar mutum kafin ya zaɓa masa abokan wasa da abokan karawa, har a zagayen nishaɗi wanda ba a ba da matsayi ko lambar girma a cikinsa.

Tunanin ba sabo ba ne. Masu wasan dara na ces sun daɗe da lissafin Arpad Elo, kamfanin Microsoft kuma ya kawo nasa mai suna TrueSkill a Xbox Live, dandalinsa na wasa ta intanet, a 2005. A watan Janairun 2024 Activision, kamfanin da yake fitar da Call of Duty, ya fito ya yi bayani a fili cewa yana la'akari da ƙwarewa tun daga Call of Duty 4 na 2007, kuma ya ce ingancin haɗin intanet ne abu na farko da ake dubawa, sai tsawon lokacin jira, sannan sauran abubuwa kamar ƙwarewa, da irin na'urar da mutum yake riƙe da ita, da taswirorin da ya buga kwanan nan. A wasannin gasa babu mai jayayya da wannan. Rigimar tana kan zagayen nishaɗi ne, inda mutane da yawa suke ganin an shigo a huta ne, bai kamata kowane zagaye ya zama kamar wasan ƙarshe na cin kofi ba.

Shekaru fiye da huɗu ina cikin masu wannan ƙorafi, kuma ina da dalili. Duk daren da hannuna ya zauna na yi zagaye biyu masu kyau a jere, nakan san abin da ke tafe, domin na uku zai haɗa ni da mutanen da suke zamewa a ƙasa, su yi tsalle ta kusurwa, su harbe ni kafin in gama juya bindiga. Bayan an yi mini dukan kawo wuƙa sau biyu ko uku sai abin ya yi sauƙi, sai kuma a sake komawa. Wannan hawa da sauka yana sa mutum ya daina yarda da nasararsa, yana tambayar kansa ko ya ƙware ne ko kuwa an sassauta masa ne don kada ya kashe na'ura. Na yi imani ƙwarai cewa da za a cire tsarin a bar sa'a ta yi aikinta, da na fi jin daɗin wasa.

Damar gwadawa ta zo a ranar 21 ga Mayun 2024, lokacin da kamfanin Ubisoft ya saki nasa wasan harbe-harben mai suna XDefiant kyauta, ƙarƙashin jagorancin Mark Rubin wanda ya taɓa aiki a kan Call of Duty. Babban abin da aka tallata shi da shi shi ne cewa zagayen nishaɗinsa ba ya duba ƙwarewa, in ban da wani jerin maraba, wato rukunin zagaye na musamman, da aka ware wa sababbin shiga har su kai mataki na 25. A cikin jerin maraban na ji daɗi sosai. Daren da na fita daga cikinsa kuwa ina tuna shi dalla-dalla: zagayen farko na gama da kisa huɗu da mutuwa ashirin da uku, kuma fiye da rabin mutuwar a hannun mutum ɗaya ne, wanda shi kaɗai ya kashe fiye da abin da ƙungiyarmu ta mutum shida ta kashe gaba ɗaya. Kafin a kai rabin lokaci biyu daga cikin namu sun fice, muka rage mu huɗu muna fitowa ana kwashe mu. Wasan bai yi mini ƙarya ba, abin da ya yi alkawari shi ya bayar. Ni ne dai na ɗauka cewa idan aka cakuɗa kowa da kowa zan kasance cikin masu farauta, ashe a mafi yawan darare ina cikin waɗanda ake farauta.

Na yi kusan wata biyu ina komawa, kuma a cikin wannan lokaci ne na fahimci wani abu da ban taɓa jin masu muhawarar suna ambata ba, wataƙila saboda yawancinsu a Amurka da Turai suke, kusa da uwar garken wasan, wato babbar kwamfutar da take haɗa masu wasa. Wanda yake bugawa daga nan, saƙonsa sai ya yi tafiya mai nisa ya dawo, kuma ni jinkirin da nake gani a kusurwar allo yakan tsaya tsakanin milisakan 120 da 150 a dare mai kyau, alhali wasu abokan karawata suna kan 20 ko 30. Ana ganin wannan ƙarara a ɗan hoton da ake nuna wa mutum na yadda aka kashe shi: a allona na riga na shige bayan bango, a allon wancan kuwa ina tsaye a fili, ko harsashi ɗaya ban saki ba, alhali na san na danna. To tsarin auna ƙwarewa ba ya ganin yatsuna, sakamakona kawai yake gani, kuma sakamakon nan ya riga ya ƙunshi jinkirin layi, da daren da aka ɗauke wuta na koma kan inbata, da lokacin da intanet ɗin gida ya yi ta yankewa. Ma'ana, ba tare da an yi niyya ba, tsarin yana rage mini nauyin nisan da ke tsakanina da uwar garke, domin yana haɗa ni da waɗanda sakamakonsu ya yi daidai da nawa, ko da layinsu ya fi nawa sau biyar. Da aka cire shi sai na ɗauki kaya biyu a kai, ga gwani a gabana, ga kuma layin da yake ba shi ratar da ba ya ma buƙata.

A watan Yulin 2024 Activision ya wallafa wata takarda a kan gwajin da ya yi a ɓoye a Modern Warfare III, inda ya sassauta la'akari da ƙwarewa ga rabin 'yan wasan Arewacin Amurka. Abin da ya ce ya samu shi ne cewa kashi 90 cikin 100 na 'yan wasa sun rage dawowa, kashi 10 na sama ne kawai suka ƙara, sannan ficewa a tsakiyar zagaye da cin kaca-kaca duk sun ƙaru. Kamfani ne yake binciken kansa, don haka ban karɓe shi ido rufe ba, amma ya yi daidai da abin da na gani da idona a daren nan na mutum huɗu. XDefiant kuwa an sanar da rufe shi a Disambar 2024, aka kashe shi a Yunin 2025, kuma ba zan ɗora wannan a kan rashin tsarin kaɗai ba, domin dalilan mutuwar wasa kyauta suna da yawa.

Duk da haka akwai wurin da tsarin yake ci mini tuwo a ƙwarya har yau, wato wasa da ɗan'uwa. Ƙanena ɗalibin jami'a ne, kuma ƙwarewarsa ta ninka tawa nesa ba kusa ba. Idan ya zo hutu muka haɗa ƙungiya ɗaya, ana jefa mu ne cikin mutanen da suka fi kusa da matsayinsa, sai in zama kaya a wuyansa. Akwai daren da muke kan Shipment, ƙaramar taswirar nan ta kwantenoni inda mutum ba ya samun sakan biyar na numfashi, na mutu sau takwas a jere, sai na ji shi ta lasifikar kunne yana cewa cikin ladabi, “Yaya, ka tsaya a bayana kawai, ka riƙa kare min baya.” Na yi dariya, amma bayan zagaye uku na ce masa barci nake ji. Tsarin da yake kare ni idan ina ni kaɗai shi ne yake hana ni zama da ƙanena, kuma ban ga wanda ya warware wannan matsala yadda ya kamata ba.

Abu na biyu shi ne watsa zaure, wato rukunin mutanen da aka haɗa su yi wasa tare, bayan kowane zagaye, wanda ya zama al'ada tun 2019. A da mutum yakan yi awa guda da mutane iri ɗaya, ya san wanda ya addabe shi, ya nemi ramuwa, wani lokaci ma su ƙare da abota. Na uku kuwa shi ne ɓoye lambar ƙwarewar da tsarin yake ba mutum. Idan ana auna ni, ina so in ga ma'aunin, domin rashin ganinsa ne yake haifar da zarge-zarge, shi ne kuma yake sa wasu su riƙa kashe kansu da gangan don lambarsu ta sauka su samu masu rauni, abin da yake ɓata wa ƙungiya duka dare.

Call of Duty: Black Ops 7, wanda ya fito a ranar 14 ga Nuwamban 2025, ya juya al'amarin: buɗaɗɗen haɗi wanda ba ya ba ƙwarewa nauyi sosai shi ne ya zama na asali, zaure ya daina watsewa bayan kowane zagaye, aka kuma bar wani jeri dabam ga mai son tsohon tsari. Dawowar zaure mai ɗorewa ta faranta mini rai fiye da komai, kuma samun zaɓi shi ne abin da ya kamata a yi tun da daɗewa. Buɗaɗɗen jerin yana da daɗinsa, domin wani zagayen nakan faɗa cikin waɗanda na fi, in yi abin da ban taɓa yi ba, amma nakan tuna cewa a wannan zagayen akwai wani a ɗaya ɓangaren da yake ganin irin daren da na gani a XDefiant.

Ga gwani mai layi mai kyau, buɗaɗɗen haɗi zai fi masa, kuma ba na ganin laifinsa. Ga mai matsakaicin hannu da yake bugawa daga nesa kamar ni, shawarata ita ce ya gwada duka biyun na mako guda-guda, ya duba sau nawa ya kashe na'ura cikin fushi a kowanne, kafin ya bi ra'ayin masu yaɗa wasansu a YouTube, waɗanda yawancinsu suna cikin kashi goman nan na sama. Ni dai a daren aiki, idan awa ɗaya kawai nake da ita, jerin da yake duba ƙwarewa nake shiga. Buɗaɗɗen kuma na ajiye shi sai ƙanena ya dawo hutu, domin a can ne kaɗai muke iya yin zagaye goma tare ba tare da na ce barci nake ji ba.