Hattara da mai "manhajar dawo da fayil" da ke bin shagunan teloli a Gombe

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan uwana teloli ne masu injin aikin kwamfuta, da masu shagunan buga takardu da kati, da duk wanda har yau tsohuwar kwamfuta ce ke riƙe da abincinsa. Akwai wani mutum da ke zaga shaguna a cikin garin Gombe, jaka a baya, filas rataye a wuya, yana cewa shi injiniyan tsofaffin kwamfutoci ne. Ni ya ci min naira dubu 45, daga baya kuma na ji ba ni kaɗai ba ne. Ba zan kama suna ba, domin sunan da ya gaya min daban ne da wanda ya gaya wa maƙwabcina. Salon cutarsa zan bayyana, tunda shi ne ba ya canzawa.

Shagona yana wajen Jekadafari. Ina da injin aikin wuya mai kai biyu, na hannu na saye shi, tsoho ne ƙwarai, irin wanda ba ya karɓar zane sai ta faifan fulofi, ɗan murabba'in nan mai cin megabait 1.44. Kwamfutar da nake ajiye zane kuma Windows XP ce. Na san kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun watan Afrilun 2014, amma manhajar zanena a kanta take zaune lafiya, ramin fulofi yana jikinta, kuma ba ta taɓa shiga intanet ba. Shekara tara ina tara zane a ciki: wuyan kaftani, bakin aljihu, bakin hannu, aska biyu da aska takwas na babbar riga, kowanne da sunan mai shi. Duk fayilolin DST ne, wato irin fayil ɗin zane da injin ke karantawa, a folda guda. Wannan foldar ita ce jarina, ta fi injin ɗin kansa daraja a wurina.

Cikin watan Sha'aban ya fara zuwa. Ya yi sallama da ladabi, ya zauna a benci, ya yaba aikin da ke kan injin. Sai ya ce, "Alhaji, irin waɗannan kwamfutocin suna gab da mutuwa ba tare da sun nuna alama ba. Bari in duba maka lafiyarta, kyauta ne, sadaka nake yi saboda azumi na tafe." Ya soka filas ɗinsa, ya yi 'yan danne-danne na minti biyar, ya ce lafiyarta da sauƙi amma rumbunta ya fara gajiya. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan takardar awo ya tafi. Ko ruwan leda bai karɓa ba, wannan ya sa na ƙara yarda da shi.

Ranar sha biyu ga azumi, yarona ya kunna kwamfuta da safe ya ƙwala min kira: "Oga, zane babu!" Na zo na duba da idona. Foldar ta ɓace ɗungurungum. Ga yadudduka na mutane sun kai sittin jibge a kan tebur, kowa yana jiran kayan Sallah, wasu sun biya kuɗin aiki tun kafin azumi. Duk telan da ya taɓa shiga goman tsakiya da aikin mutane a wuyansa ya san yadda cikina ya ɗuri ruwa a ranar. Na lalubo takardar awon nan na kira shi. Kafin azahar ya iso.

Ya buɗe wata manhaja daga filas ɗinsa, fuskar kwamfuta ta rabu gida biyu, hagu da dama, da jerin maɓallai a ƙasa. Sai ga foldata a ɓangaren hagu, da ɗan alamar motsin rai ja a jikinta. Ya ɗora yatsa a kan jan alamar ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Wannan jini ne, fayilolinka sun ji rauni. Windows ba za ta sake ganinsu ba har abada, sai ta cikin manhajata." Ya ce shi da abokansa suka ƙirƙire ta a Legas, dubu 60 ce amma saboda watan rahama in ba da 45, sannan duk shekara a sabunta lasisi da dubu 20, in ba haka ba ta kulle da zanen a ciki. Ya danna F5, zane ɗaya ya sauka a fulofi, muka sa a inji, allura ta kama aiki. Na tura masa kuɗin ina yi masa addu'a.

Asirin ya tonu ne da ɗan yayata ya zo hutun Sallah daga jami'ar Kashere. Yana ganin fuskar manhajar ya ce, "Kawu, ai wannan Total Commander ce, wa ya sayar maka?" Ya buɗe wurin bayanin mai ita, sai ga sunan Christian Ghisler, mutumin Suwizalan da ya fitar da ita tun 1993 da sunan Windows Commander, kafin a canza mata suna a 2002. A can saman tagar kuma, inda ake rubuta sunan wanda ya biya kuɗin rajista, sunan wani Bature ne da ban taɓa ji ba. Wato makullin rajista na sata ne ma mutumin nan ya sa mata. Abin da kawai ya yi da hannunsa shi ne canza sunan gunkin da ke kan fuskar kwamfuta.

Jan alamar nan da ya kira jini, haka Total Commander ke nuna fayil ɗin da aka ɓoye, in an kunna mata zaɓin nuna ɓoyayyun fayiloli. Tun zamanin DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, kowane fayil yana da 'yan tambura da ake iya manna masa, ciki har da na "ɓoyayye" da na "kayan tsarin kwamfuta". In aka haɗa wa folda waɗannan biyun, Windows XP ba za ta nuna ta ba ko da ka ce ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ka ƙara cire alamar da ke kan zaɓin ɓoye fayilolin tsarin da aka kare. Ɗan yayar tawa ya buɗe baƙar tagar umarni, ya shiga rumbun D, ya rubuta attrib -h -s /s /d ya danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba foldata ta dawo inda take, zane ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Da ya leƙa foldar Startup, wadda duk abin da ke cikinta ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, sai ga wani ɗan fayil na BAT, wato fayil na jerin umarni, mai layi kaɗan: yana duba kwanan wata, in ranar ta yi ya manna wa foldar tamburan ɓoyewa. Kwanan watan da aka ajiye fayil ɗin ya yi daidai da ranar "duba lafiya kyauta". Shi ya ɗaure akuyar, shi ya dawo yana taya ni cigiya.

Abin da ya fi ƙona min rai, manhajar kanta ba ta da laifi, mai kyau ce, kuma da na san da ita da tuni na nemo ta da kaina. Irin wannan tsari na taga biyu ya samo asali ne daga Norton Commander ta 1986, kuma maɓallansu kusan ɗaya ne har yau: F5 kwafa, F6 matsarwa ko canza suna, F7 sabuwar folda, F8 gogewa. Ga mai injin fulofi tana da amfani na musamman, domin tsofaffin injuna sunan DOS suke karantawa, harafi takwas da wutsiya uku. In ka sa wa zane dogon suna, a fuskar injin sai ka ga ALHAJI~1 da ALHAJI~2, ka rasa wanne ne na wa. Da Total Commander kana iya gyara sunayen zane ɗari a lokaci guda. Tana aiki tun daga Windows 95 har zuwa na yanzu, ana sauke ta daga shafin mai ita a gwada wata guda, ko ba a yi rajista ba tana buɗewa bayan ka danna 1 ko 2 ko 3. Wanda zai ci gaba da amfani da ita haƙƙi ne ya biya mai ita, kuma sau ɗaya ake biya. Babu wani sabunta lasisi duk shekara.

Maƙwabcina na Sabon Layi mai yanka sitika, wanda kwamfutarsa Windows 98 ce, shi wata mai shuɗin allo aka sayar masa dubu 30. Da muka je da ɗan yayata ya duba, Volkov Commander ce, 'yar ƙaramar manhajar DOS da wani ɗan Yukiren, Vsevolod Volkov, ya rubuta, ko kashi ɗaya cikin goma na fulofi ba ta cikawa. Mai DOS zalla da ke son irinta yana iya ɗaukar DOS Navigator, wadda masu ita suka sake ta kyauta tun 1999.

In ka wayi gari foldarka ta ɓace, kafin ka kira kowa ka danna dama a kan rumbun ka duba yawan wurin da aka cinye. In bai ragu ba, kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. In kuwa da gaske an goge su, manhajar shirya fayil ba ita ke dawo da su ba. Ka daina ajiye komai a kan rumbun, a nemo irin su PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, ita ma kyauta ce. Kuma kada ka bar baƙon filas ya shiga kwamfutar da ke ɗauke da zanenka, ko da sunan sadaka ne. Ni yanzu zanena yana wuri uku: kwamfuta, faifan sidi a gida, da filas ɗin da ba ya fita daga aljihuna.

Na kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarmu ta teloli, mun haɗa shaidar tura kuɗi ta mutum huɗu mun kai ofishin 'yan sanda. Lambarsa a kashe take tun bayan Sallah. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a tasha yana tambayar motar Kumo, don haka 'yan uwa na Kumo da Billiri da Kaltungo ku sa ido. Duk wanda ya taɓa bari mutumin nan ya soka filas a kwamfutarsa, ko da zanensa bai ɓace ba tukuna, ya sa a duba masa foldar Startup yau, domin a ta maƙwabcina mun tarar da fayil na biyu da aka saita wa farkon watan Zulhajji.