Wane Tsari Ya Dace da Ƙaramar Uwar Garkenka?

Kafin ka kama hayar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet ko manhaja, mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabait 1, ka fara tambayar kanka: idan mutum hamsin suka ƙwanƙwasa ƙofa lokaci guda, wa zai karɓe su?

Tsohuwar hanya ita ce kowane baƙo da ma'aikacinsa, ko dai furoses guda (kwafin manhajar da ke gudana shi kaɗai) kamar yadda tsarin prefork na Apache, manhajar uwar garke, ke yi, ko zare guda (ƙaramin layin aiki) a cikin furoses ɗaya. Rubuta shi babu wuya, gano kuskure ma haka. Sai dai kowane ma'aikaci yana cin RAM ko da zaman jira yake yi, shi ya sa ake ƙayyade yawansu. Gunicorn, mai gudanar da manhajojin yaren Python, ya ba da shawarar ka ninka yawan ƙwaƙwalen injin (CPU cores) sau biyu ka ƙara ɗaya, shi ne yawan ma'aikatan.

Hanya ta biyu irin ta mai shayi ce: mutum ɗaya, benci cike, yana zuba wa wannan yana juya na wancan, ba ya tsayawa jiran kowa. Haka nginx, wata manhajar uwar garke, ke aiki tun 2004, haka Node.js, mai gudanar da yaren JavaScript, tun 2009. Yana riƙe dubban haɗi da RAM kaɗan. Amma da zarar aiki mai nauyi ya riƙe shi, misali rage girman hoto, duk benci sai ya jira. Nan ne na ga sababbin masu koyo suka fi shan wahala, don a gwaji lafiya lau, sai jama'a sun taru abin ke bayyana.

Yaren Go ya bi tsakiya: kowane haɗi da ɗan zarensa mara nauyi, wanda ke farawa da kimanin kilobait 2.

Ni dai, ga shafin makaranta ko na shago, ma'aikata ƙayyadaddu nake zaɓa, da nginx a gabansu. Dalilina sabis ɗin wayarmu ne. Wanda netwok ɗinsa ke ja da ƙyar zai riƙe ma'aikaci guda har ya gama turo buƙatarsa. Idan ma'aikatanka biyar ne, irinsa biyar sun isa su toshe ƙofa. Nginx kuwa yakan tattara buƙatar ta cika tukuna, sannan ya miƙa ta ciki.

In kuma manhajar hira za ka gina, inda haɗi ke zama a buɗe na awanni, to ka ɗauki Node.js ko Go tun daga farko.