Ɗan littafin tunawa da malami: aikin wani shagon buga takardu a Maradi

Iyalai da tsofaffin ɗalibai kan so a buga tarihin malaminsu da ya rasu, a raba ranar sadakar arba'in. Akwai wani shago kusa da babbar kasuwa da ya iya wannan aiki.

Girman A5 suke yi, wato rabin takardar A4 da aka saba bugu a kai, nauyin takardar ciki gram 80, na bango gram 250, a ɗinke da waya biyu a tsakiya. Kowace takarda idan an ninka ta shafi huɗu take bayarwa, saboda haka shafuka sai sun zo huɗu-huɗu, 12 ko 16 ko 20, in ba haka ba shafin da ba rubutu zai rage a ƙarshe.

Kan hoto suka fi burge ni. Tsohon hoton marigayi a bakin allo, ko yana zaune cikin ƴaƴansa, suna ɗaukarsa da na'ura a dpi 600 (ma'aunin kaifin hoto), su goge tabo ba tare da sun sauya kamanninsa ba. Ku kai na asali, domin WhatsApp yana matse hoto, ya fito dishi-dishi.

Rauninsu rubutu ne. Ɓ, ɗ da ƙ kan koma akwati idan samfurin haruffan bai ɗauke su ba, addu'ar Larabci kuma takan wargaje. Ku ba su rubutun a PDF, wato fayil ɗin da ke riƙe tsarin rubutu yadda yake, ku karanta bugun gwaji ɗaya tukuna, musamman sunayen makarantun da ya koyar.