Kafin ka sayi finafinan Johnny Walker

Duk mai kallon tsofaffin finafinan Indiya ya san siririn mutumin nan mai ɗan gashin baki da ke shigowa yana tangaɗi kamar ya yi mankas. Badruddin Kazi sunansa, kwandastan bas ne a Bombay kafin darakta Guru Dutt ya sa shi a fim ɗin Baazi a 1951. Sunan giya, Johnny Walker, aka laƙaba masa, alhali shi ko ɗanɗana ta ba ya yi. Ya rasu a 2003.

Tunda ɗan barkwanci ne, galibi ba shi ne jarumi ba, da wuya ka ga hotonsa a bangon faifai, sai dai ka nemi fim da sunansa. In kuɗin guda ɗaya gare ka, ɗauki Pyaasa na 1957. Fim ne mai ƙunci, labarin mawaƙin da kowa ya juya wa baya, sai ga Johnny a matsayin Abdul Sattar mai tausar kai, da kwalaben mai a hannu, yana tallar sana'arsa cikin waƙar da Mohammed Rafi ya rera. Fitowarsa kaɗan ce, amma da an cire shi da kukan ya yi yawa. Madhumati na 1958 kuwa ya fi ba shi fili kusa da Dilip Kumar, shi ne ma ya kawo masa kyautar Filmfare, sai dai ya doshi awa uku, ka tabbata wutarka za ta kai. C.I.D. na 1956 na masu son bin sawun ɓarayi ne.

Sauran magana ita ce a ina za ka samu. Wajen masu turi ya fi araha, amma sukan matse fim don ya shiga memori, kuma baƙi-da-fari in an matse shi sai duhu ya cinye fuskoki. Ka ce a kunna maka wani wurin dare kafin ka biya. Faifan DVD ya fi kyan hoto in ka dace da na asali. YouTube na cin data, wani kwafin ma an datse waƙoƙinsa.

Mai fassarar Hausa, in ka ci karo da shi, ni dai ban ba ka shawara ba. Rabin wasan mutumin nan a muryarsa yake, yadda take lanƙwashewa tana shaƙewa. Nemi mai rubutun fassara a ƙasa, ka bar shi ya yi maganarsa da bakinsa.