Fulawa ko kayan miya? Amsa ga ƙanwarmu ta Tumfure

Ƙanwata, na ga tambayarki: kun tare a sabon gida a Tumfure, gefen garin Gombe, akwai ɗan fili a tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kina son sanin wanne ya fi, fulawa ko kayan miya. Allah ya sanya alheri. Ni tun ina yarinya a unguwar Jekadafari nake bin kakata da gwangwanin madara muna ban ruwa, yau ga ni da jikoki ban daina ba. Duka biyun na shuka, sun mutu a hannuna, na sake shukawa.

Fara duba ruwanki, don nan suka raba hanya. Salak da alayyafo da tumatir jarirai ne, safe da yamma sai sun sha. Ki yi tafiyar kwana 2 a watan Maris, ki dawo ki tarar da su kwance. Bugenbiliya kuwa, wannan mai ƙaya da ke hawa katanga, in dai ta kama ƙasa ƙishirwa ma ƙara mata kyau take. Kika cika mata ruwa sai ta yi ta ganye, ta hana ki fure. Haka fulawar ƙariya, ita da ruwanta take ajiye a kututture. Idan ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa yana zuwar muku, ko kuna da rijiyar burtsatse, to bismillah. In kuwa jarka kike saye wajen mai ga-ruwa, zauna ki yi lissafi, kada tumatir ɗin gidanki ya fi na kasuwar Kwadon tsada. Ni ruwan alwala da na wankin shinkafa nake tarawa a roba don kayan miya. Na wanki mai sabulu sai gindin fulawa, ba na kai shi kan abin da za mu ci ɗanye.

Wajen saurin biya, kayan miya ne a gaba. Alayyafo sati 3 zuwa 4 kin fara tsinka, kuɓewa wata 2. Tumatir sai an yi rainonsa kamar sati 4 kafin a dasa, sannan a ƙara jiran wata 2 ko fiye. Amma kowanne da lokacinsa: salak, karas, kabeji da tumatir na sanyi ne, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Da zafi ya haura digiri 35, furen tumatir zubewa yake, ki yi ta kallon ganye kore shar babu ɗa. Kuɓewa da yakuwa da rama su ne 'yan damina. Fulawa ba ta da gaggawa. Reshen da kika dasa bana sai baɗi zai rufe miki katanga, sai dai shuka ɗaya ce ta shekaru.

Sai maƙiya. A nan kayan miya sun sha kashi. Kaji, ƙadangaru, fara, kowa rabonsa yake nema. Na taɓa fita da safe na tarar da ƙadangare zaune a tsakiyar rainon salak ɗina, yana gyaɗa mini kai, ya aske shi tas. Tun ranar tsohon gidan sauro nake kafawa a kai. Ga kuma tsutsar nan ta sharon da ta ƙone gonakin tumatir a Arewa a 2016, ba ta san gida ko gona ba. Toka da jiƙon ganyen darbejiya suna rage ƙananan ƙwari. Kashin kaji kuma ki bari ya ruɓe tukuna, ɗanyensa ya taɓa ƙone mini kunya guda. Fulawa ba ta da masu farautarta haka, amma tana da nata halin. Bugenbiliya za ta sa ki shara kullum, ƙariya kuma ruwan jikinta guba ne, kada ta zauna inda yara ko awaki ke kaiwa.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, kullum cewa yake ba a miya da fulawa. Gaskiyarsa. Amma bayan La'asar gindin lallen nan yake ajiye kujerarsa saboda ƙamshin furensa, bai taɓa kai ta kusa da albasa ba.

Da ni ce ke, ba zan zaɓi ɗaya ba. Jikin katanga na ba bugenbiliya ɗaya da lalle, tsakiya kuma buhunan siminti guda 6, a wanke su, a huda ƙasansu, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Biyu alayyafo, biyu attaruhu, ɗaya albasa mai lawashi, ɗaya ɗoɗɗoya, wadda ita ƙamshi ce kuma miya ce. Tumatir ki bar shi sai hannunki ya faɗa. In kin shigo gari ki biyo, akwai rassan bugenbiliya ja da fara da na kafa a leda tun damina, sun yi saiwa.