Antibayotik: kai tsaye daga kantin magani, ko kuwa da takardar likita?

Mai ciwon maƙogwaro hanya biyu ke gabansa: ya shiga kantin magani ya ce a ba shi amoxicillin, wani nau'in antibayotik (maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya), ko ya fara ganin likita.

Ta farko tana da sauri, ba layi, ba jira, mai kanti kuma ba ya son ciniki ya wuce shi. Sai dai ba wanda ya duba ko bakteriya ce ke damun mutumin. Mura da yawancin ciwon maƙogwaro bairos ke kawo su, antibayotik kuwa ko kusa ba ya taɓa bairos. Idan bairos ne, amfani babu, amma bakteriyar da ke zaune a hanjinsa ta gamu da maganin, masu taurin kai cikinsu sun tsira sun hayayyafa. A 2019 kaɗai, cututtukan da suka bijire wa irin waɗannan magunguna sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya.

Hanyar likita tana cin lokaci, kuma gaskiya likitoci ma kan rubuta antibayotik ba gaira ba dalili. Duk da haka a can za a tambaye ka ko penicillin, wato dangin magungunan da amoxicillin ke ciki, na tayar maka da borin jini, a kuma auna nauyin yaro kafin a ƙayyade masa adadin da zai sha.