Mai rewayar da ya gano matsalar esin Sienna ta a Agege

Jama'a masu Sienna da ke Legas, musamman masu lodin Mile 12 da Agege, ga abin da ya faru da ni wataƙila ya amfani wani. Motata ƙirar 2005 ce, kusan wata biyu esi na wahalar da ni, in ina gudu a kan Third Mainland sanyi kamar firij, amma da na shiga gosulon Oshodi sai iska mai ɗumi ta fara fitowa, allurar zafi kuma ta fara hawa a hankali har sai na kashe esin na sauke gilashi, ga iyali a baya ga hayaƙin danfo.

Sau biyu ana min ƙarin gas a wani gareji, na ukun ma cewa aka yi kwamfureso ne ya mutu in kawo kuɗi. Allah ya sa wani abokin sana'a ya ce in fara zuwa wurin wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ɗan Zariya a Agege, bayan layin dogo.

Abin da ya fara burge ni bai taɓa sufana ba sai da ya gama tambayata. Ya ce Alhaji a tsaye take yi ko a tafe? Na ce a tsaye. Ya ce to in sha Allahu ba gas ba ne, ta da ta ka kunna esi. Ya buɗe bonet ya nuna min, fanka biyu ne a bayan lagireto, kuma da an kunna esi ya kamata duka biyun su juya su jawo iska ta cikin kwandensa. Nawa ko ɗaya ba ta motsi. In mota na gudu iskar hanya ce ke yin aikin fankar shi ya sa nake samun sanyi, in ta tsaya kuwa gas ɗin ya yi zafi, matsinsa ya hau, sai kwamfureso ya yanke da kansa don kar ya lalace. Wallahi duk garejin da na je ba wanda ya min wannan bayanin.

Ya duba fiyus lafiya lau, ya cire rile ya gwada da wani, shi ma lafiya. Sai ya ɗauki ƙotar sukundireba ya ɗan ƙwanƙwasa bayan fanka ɗaya, nan take ta zabura ta juya kaɗan ta sake tsayawa. Ya ce kabon ɗinta, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin fankar, ya cinye, kuma da yake a ƙaramin gudu layi ɗaya suke sha, mutuwar ɗaya ta tsayar da 'yar'uwarta. Don in yarda ya ja waya daga batir kai tsaye, ɗaya ta tashi da ƙarfi, ɗayar shiru. Soket ɗinta ma ya yi kore saboda ruwan saman Legas da muke kutsawa.

Na ce ya haɗa min fankar dairek kawai, wato wuta ta riƙa zuwa mata kai tsaye, kamar yadda kowa ke yi, ya ƙi. Ya ce fanka za ta riƙa juyi ba hutu ta mutu da wuri, kuma in ta sake samun matsala ba zan gane ba sai gaskit ya ƙone. Ya tura ni kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da tsohuwar a leda na samo tokumbo irinta, ya ce kar in biya sai an gwada min a batir a gabana.

Inda zan rage masa maki, wurin ba inuwa sam, benci ɗaya ne, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, na yi awa uku kafin layi ya zo kaina. Ku je da sassafe. Kuɗin aikinsa kuwa bai kai na ƙarin gas ɗaya da na yi a banza ba. Jiya na yi awa ɗaya cur a gosulon Ikorodu Road da esi a kunne, allura na tsakiya ba ta motsa ba, yara har barci suka yi.